Ƙofar Mata Ranar Wasa: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani

Uwargida, idan kina da ɗa namiji a Kano wanda ya haura shekara 10, da wuya a ce bai taɓa roƙon ki kuɗin shiga filin wasa na Sani Abacha ba. Yawancinmu amsa ɗaya muke bayarwa: ba inda za ka. Sai dai kuma yaran sukan sulale su tafi, mu kuwa ba mu san ko ta wace ƙofa ake shiga ba. Wannan ne ya sa na nemi rakiyar ƙanena wata Lahadi, muka je kallon wasan Kano Pillars, don in ga wurin da idona.

Filin yana Ƙofar Mata, a tsakiyar hada-hadar birni. Ga marinar nan mai daɗaɗɗen tarihi wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ga asibitin Murtala, ga kuma Kantin Kwari ba nisa. Ko ba ranar wasa ba titin a cike yake, balle an ce yau Pillars na gida. Tun bayan Azahar za ki fara ganin samari cikin riguna kore da ruwan ɗorawa suna sauka daga Adaidaita Sahu, wasu da tuta, wasu da ganga a rataye. Masu rake da gyaɗa da awara da ruwan leda sun kama wuri a gindin katanga, mai gurasa yana yayyafa ƙuli, hayaƙin tsire yana tashi. Kafin a busa usur, kasuwa guda ta riga ta ci, kuma gidaje da yawa da cinikin ranar suke cefane.

Wurin yana da tarihin da ya isa a yi alfahari da shi. An buga wasannin gasar cin kofin duniya ta matasa a nan a 1999, da na kofin nahiyar Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ita kuwa Pillars an kafa ta a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, a nan kuma Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya shafe shekaru yana jan ragamar ƙungiyar. Idan kin ji yaro yana cewa "Sai Masu Gida", kirarin ke nan, kuma sun gaje shi ne daga yayyensu da iyayensu maza.

Filin yana ɗaukar mutum kimanin 16,000, kuma kujerun iri biyu ne a wurin mai kallo. Akwai ɓangaren da ke da rumfa, inda tikiti ya fi tsada, mutanen wurin kuma sun fi natsuwa. Akwai kuma ɓangaren da rana ke duka, inda matasa suka fi yawa, can ne kiɗa da ihu suke. Mu a rumfa muka zauna. Mata ba su da yawa, amma akwai su, har da wata da ta zo da mijinta da 'ya'yansu biyu, kuma ban ga wanda ya ɗaga musu ido ba. An saba take wasa da misalin ƙarfe 4 na yamma, don haka za ki ga mutane sun yi sahu-sahu suna sallar La'asar kafin su nemi wurin zama.

Abin da talabijin ba ta iya kawo miki shi ne ƙarar. Idan ɗan Pillars ya ja ƙwallo ya nufi raga, dubban mutane ne ke miƙewa lokaci ɗaya kamar an ja su da igiya. Da ƙwallo ta shiga, sai ki ji simintin da ke ƙarƙashin ƙafarki yana rawa. Dattijo mai furfura yana rungume yaron da bai san ɗan waye ba, ɗan kasuwa da ɗan dako suna tafawa. A nan na gane abin da ke jan 'ya'yanmu: wuri ne da yaro yake jin shi ma wani ne a garinsu.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Haɗarin da muke tsoro yana nan, sai dai yana da lokacinsa da wurinsa. Na farko shi ne bakin ƙofa, dab da fara wasa, lokacin da waɗanda suka makara suke turereniya. A nan ake danne ƙaramin yaro, a nan kuma 'yan sane suke zare waya. Na biyu shi ne ƙarshen wasa, musamman idan masu gida ba su ci ba, ko 'yan kallo suna ganin alƙalin wasa ya yi musu rashin adalci. A filayen ƙasar nan an sha ganin jifa da tsallaka shinge, jami'an tsaro su harba barkonon tsohuwa, kowa ya nufi ƙofa ɗaya. Turmutsitsin ya fi jifan illa. Ko ranar da aka tashi lafiya, dubban mutane ne ke kwararowa kan titi dab da Magariba, ga motoci, ga babura.

Saboda haka, idan za ki bar yaro ya je, kada ya tafi sai da babba wanda kika yarda da hankalinsa: baba, kawu ko yaya. Su isa da aƙalla awa ɗaya kafin a fara, su sayi tikiti a inda ake sayarwa, kada su bi masu cewa za su shigar da su ta bayan fage. Idan da hali a ƙara kuɗi a zauna a rumfa. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa masa a aljihu, su kuma tsayar da wurin da za su haɗu idan sun rabu. Babbar waya ta zauna a gida. Idan suka ga wasa ya ɗau zafi, su fito saura minti 10, sakamakon za su ji shi a rediyo. Idan kuwa lafiya ƙalau ne, su zauna har cunkoso ya ragu. Yaron da bai kai shekara 7 ba, ko mai ciwon asma, gara a bar shi a gida tukuna.

Hani kawai ba ya tsare yaro. Wanda aka ce masa a'a ba tare da bayani ba, shi ne zai bi abokai, ba kuɗin tikiti, ya tsaya a bakin ƙofa inda turereniya ta fi muni, ke kuma kina zaton yana Islamiyya. Wanda aka shirya masa tafiya kuwa, kin san da wa ya fita, kin san lokacin dawowarsa, har ma kina iya sa sharaɗi: sai an gama aikin makaranta, sai an yi sallah a kan lokaci.

Idan maigida ya amince, ke ma ki raka su ko sau ɗaya ne, ki zaɓi wasan da ba na hamayya mai zafi ba. Gani ya kori ji. Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suka shiga.