Maigadin Da Ba Ya Barci

Kowace babbar kwamfuta irin wadda ake kira uwar garke, wato mai riƙe da shafukan intanet da bayanan bankuna, tana goye da wata ƙaramar kwamfuta a cikinta. Masu sana'ar suna ce mata BMC. Ni maigadi nake kiranta, domin ko an kashe uwar garken, muddin wayar wuta tana jone, idonta biyu. Ita ke auna zafi, ta lura da fankoki, ta rubuta duk abin da ya faru. Idan injin ya sandare, ita ake aika wa umarni ta kashe shi ta sake kunnawa, ko da ma'aikacin yana Katsina injin kuma yana Legas.

Harshen da aka daɗe ana yi mata magana da shi shi ne IPMI, wanda Intel da HP da NEC da Dell suka fitar a 1998. A 2015 aka samu magajinsa, Redfish, amma har gobe tsohon bai bar aiki ba.

Abin da ya sa batun ya tsaya mini a rai shi ne matashin Matazu, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wanda dukiyarsa ba ta wuce kwamfutar cinya guda ba. Mafi yawan manyan rumbunan bayanai na ƙasar nan suna Legas. Uwar garke kuwa ga tsada ga cin wuta, kuma babu kamfanin da zai miƙa tasa ga ɗan koyo. To, ina zai ga maigadin, balle ya koyi harshensa?

Amsar ita ce kwaikwayo, kuma hanya biyu ce. A ta farko, mutum zai gina kwamfutar kwaikwayo a cikin tasa, sannan ya ɗora mata manhajar VirtualBMC, wadda masu aikin OpenStack suka rubuta don gwaje-gwajensu. Manhajar tana zama a bakin ƙofa tana saurare, kamar yadda maigadin gaske yake saurare a ƙofa mai lamba 623. Idan ya aika da umarnin kunnawa ta ipmitool, sai ta mayar da shi umarnin da kwamfutar kwaikwayon take ganewa, ta tashi. A hanya ta biyu, manhajar QEMU ce ke dasa maigadin ƙarya a cikin injin kansa, har Linux ɗin da ke ciki ya riƙa yi masa tambaya yana samun amsa. Duka kyauta ne, kuma umarnin da ya rubuta a ɗakinsa shi ne zai rubuta ranar da aka damƙa masa injina ɗari.

Sai dai yarinyar da ta koyi goyo da 'yar tsana ta iya ɗaura zani, ba ta san kukan dare ba. VirtualBMC ba ta wuce kunnawa da kashewa da zaɓen inda injin zai tashi ba. Ba ta san ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba, ba ta san zafin bazara ba, kuma kowane kamfani yana da nasa halin da ba ya cikin littafi. Akwai kuma haɗari. A 2013 Dan Farmer ya nuna cewa maigadi da yawa suna buɗe ƙofa ga baƙo ko da kalmar sirrin da ya bayar ba daidai ba ce, saboda wani tsarin tsaro da aka bari a kunne. Wanda ya mallaki maigadi ya mallaki gidan.

Shi ya sa nake ganin darasin farko ya kamata ya zama na raba hanya: a ware wa maigadin layinsa daban, kada ya taɓa fuskantar intanet kai tsaye. Wannan ɗabi'a ana iya koyonta a Matazu da daddare, kafin cajin batir ya ƙare, a kan injin da ko ya lalace babu wanda zai yi asarar kwabo.