Laburare ɗaya, fassara huɗu

Duk wanda ya buɗe Chrome ko ya taɓa fuskar wayar Android, galibin abin da idonsa ke gani Skia ne ya zana shi: haruffa, inuwar maɓalli, lanƙwasar kusurwa. Skia laburaren zane ne da aka rubuta da yaren C++. Google ya sayi kamfanin da ya ƙirƙire shi a 2005, ya kuma sake shi ga kowa a 2008. Sai dai C++ rubutu ne na mutane. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ba ta jin komai sai umarni na sifiri da ɗaya, kuma kowane dangin furosesa da nasa harshen. Abin da ta Intel ke ji, ta ARM ba ta ji.

Tafintan da ke tsakani shi ake kira kamfaila, kuma aikinsa ba ya ƙarewa da fassara ɗaya. A Android an saba fitar da huɗu: armeabi-v7a don ARM mai bit 32, arm64-v8a don ARM mai bit 64, sai x86 da x86_64 don dangin Intel. Ko ARM ɗin biyu, duk da sunansu ɗaya, sun sha bamban a umarni da yadda suke miƙa wa juna bayanai.

A laburaren zane abin ya fi tsanani, domin nan ne gaggawa take. Allo mai ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsawo ya haura ɗigo miliyan ɗaya, kuma warware hoton JPEG lissafi iri ɗaya ne da ake maimaitawa sau miliyoyi. Don haka masu ƙera furosesa suka ƙara umarni na musamman da ke sarrafa lambobi da yawa a bugu ɗaya: SSE2 da AVX2 a wajen Intel, NEON a wajen ARM. Kamfaila bai cika iya cin moriyarsu da kansa ba, shi ya sa masu laburare irin libjpeg-turbo ke zama su rubuta waɗannan sassa da hannu, kowane dangi da nasa. Aikin haƙuri ne, kuma yana da tarko. A zamanin ARMv7 ba dole ba ne furosesa ta zo da NEON. Tegra 2 ta Nvidia, wadda ta shiga wayoyi da dama a 2011, ba ta da shi. Manhajar da aka fassara bisa zaton akwai shi, da ta iso kan umarnin sai ta mutu nan take.

Bayan fassara sai batun ɗauri. Apple na cusa fassarorin cikin fayil guda, na'ura ta zaɓi nata, kuma da wannan dabara ya haye daga PowerPC zuwa Intel a 2006, sannan zuwa furosesarsa ta kansa a 2020. A Android kuwa, kowace fassara da aljihunta a cikin fayil ɗin APK, mai waya ya sauke huɗu ya yi amfani da ɗaya. Ga mai sayen data da awo, wannan asara ce. Google ya kawo App Bundle a 2018, inda Play Store ke ba kowace waya rabonta kaɗai. Gyara ne mai kyau, amma ya ci karo da wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a Kano da Zinder: tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender. Abin da ke kan wayar mai turawa an yanka shi ne daidai jikinta, idan ta mai karɓa wani dangi ce, ba mamaki ya ƙi zama.

Wurin da lamarin ya daina zama na injiniyoyi zalla shi ne lokacin da za a yanke wace fassara za a bari. Kowace ɗaya na cin lokacin gwaji da kuɗi, kuma iska na kaɗawa ne wajen bit 64. Apple ya rufe ƙofar bit 32 da iOS 11 a 2017. Google ya wajabta fassarar bit 64 a Play Store daga Agustan 2019, Pixel 7 na 2022 kuma ya fito ba ya karɓar manhajar bit 32 sam. Mai rubuta manhaja da ke gwaji a kan sabuwar waya zai ga armeabi-v7a kamar tsohon kaya, gogewarsa layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti.

Amma wayoyi masu araha da yawa, musamman na Android Go masu ƙaramar ma'adana, suna tafiya ne a kan tsarin bit 32, har ma waɗanda furosesarsu za ta iya 64, saboda tsarin 32 ya fi tsimin wuri. Irinsu ne suka cika hannun 'yan kasuwa da ɗalibai a Arewa. Ranar da aka goge wancan layi, mai irin wannan waya ba zai samu wata sanarwa ba; zai nemi manhajar banki ko ta karatu a Play Store, a ce masa ba ta dace da na'urarsa ba, ko ma ta ƙi fitowa a bincike.