A Mota, Kunne Ya Girmi Ido

A gidajenmu yanzu da wuya ka tarar da mutum biyar suna sauraron abu guda. Kowa da wayarsa, kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi. Rediyon da a da ake girkewa a tsakar gida bayan sallar isha'i ta koma kan durowa tana shan ƙura. Wuri ɗaya ya rage da sauti ke shiga kunnen kowa, ko yana so ko ba ya so, shi ne cikin mota. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin da ke fitowa daga lasifikar motata da wasa ba.

Motar Camry ce ƙirar 2004, 'yar Kwatano, ta zo da rediyonta mai bakin kaset da na CD. Bakin kaset ɗin ne ya riƙe ni shekaru, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kwali biyu na kaset-kaset: tafsirin azumi da ya riƙa naɗa daga rediyo shekara bayan shekara, da Shata, da Ɗanmaraya Jos, da wasu da rubutun jikinsu ya riga ya goge. Zaren kaset kuwa ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da ƙura, kuma duk juyin da ya yi kwanansa ne ke raguwa. Ƙanena ya kwashe watanni yana juye su zuwa kwamfuta, har kwali biyun nan suka shige memori ɗaya da bai kai farcen yatsa ba. Saura yadda za su fito ta lasifikar mota.

Da yawa sun ce mini ai waya ta isa. Ba ta isa ba. Waya tana da iyayengiji da yawa: ana tsakiyar aya kira ya shigo, ana tsakiyar kalangu saƙo ya yi ƙara, in na sauka sayen burodi na tafi da ita motar ta yi tsit. Abin da nake so shi ne na'urar da ba ta da layi, ba ta da wani aiki sai na motar. Akwai wani tsohon tabilet mai inci 7 da yara suka gaji da shi, shi na ɗauko.

Hanyoyin haɗa shi da tsohuwar rediyo ba su da yawa. Akwai kaset na bogi mai jela, wanda ake cusawa a bakin kaset, ya miƙa sautin ga kan rediyon kamar zare ne ke wucewa. Yana aiki, amma ƙararsa kamar ɓera a rufin kwano. Akwai kuma ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna taba, ya mayar da na'urarka ƙaramar tashar FM. Shi wannan yana buƙatar gurbin da babu kowa a kai, kuma a Kano tashoshi sun yi yawa. Ka samu gurbi a Zoo Road, kafin ka kai Na'ibawa wata murya ta fara kutsowa. Na uku shi ne wanda mai wayarin ya nuna mini: a bayan rediyon Toyota ta wancan zamani akwai soket da aka tanada don akwatin canjin CD, ana samun ɗan akwati da ake jonawa a nan, ya fito da wayar AUX mai kan milimita 3.5. Rediyon tana zaton CD take karantawa, alhali tabilet ne ke magana. Wannan ya fi sauran tsafta nesa ba kusa ba.

Ranar da aka jona caji sai wani fito ya bayyana a lasifika, siriri, in na taka totur ya hau, in na saki ya sauka. Na dubi mai wayarin, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ba aljanu ba ne, altaneta ce." Bayaninsa shi ne, tabilet ɗin ya haɗu da jikin mota ta hanya biyu, ta wayar caji da ta wayar sauti, kuma ɗan bambancin wutar da ke tsakaninsu ne ke bin wayar sauti ya fito da kukan injin. Maganinsa wani ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ashana biyu ba, ana sa shi a tsakiyar wayar AUX, sauti ya wuce, wutar ta tsaya. Da aka sa, fiton ya ɗauke.

Wuta ma da nata sharaɗin. Batirin mota volt 12 yake bayarwa, tabilet 5 yake ci, don haka sai da caja mai rage ta, kuma aka ɗauko ta daga layin da ke mutuwa in an zare makulli, aka sa mata fiyus. Wanda ya ɗauko kai tsaye daga batir, wata safiya zai tashi neman masu turi.

A Amurka da Turai akwai masu cire rediyon gaba ɗaya su binne tabilet a gurbinta. Gurbin nan mai hawa biyu faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 100, kuma Nexus 7 da Google ya fitar a 2012 ya yi suna a wajensu saboda ya kusa cike shi. Aikin yana da kyau a hoto. Ni dai na ƙi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da na'urorinsa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Batirin irin waɗannan na'urori in ya sha zafi kumbura yake yi, har ya ɗaga gilashin. Ga kuma masu ɗan hali, da allo ke kiransu ta taga. Nawa a kan ɗan mariƙi yake, in na sauka na zare shi na jefa a jaka.

Inda muka yi ja-in-ja da mai wayarin shi ne wurin kafa mariƙin. Shi so yake a ɗora a saman dasbod, daidai idona. "Yallaɓai, har fim sai ka kalla a gosulo." Na ce masa abin da nake gudu ke nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kallon daƙiƙa uku don neman waƙa ya haura mita 80 da aka yi babu direba, a hanyar Zariya, inda akuya da mai babur da tirela kowa ke ganin titin nasa ne. Tsohuwar rediyo tana da wata falala da ba a cika yabonta ba: maɓallanta yatsa ke gane su, hannu ya je ya dawo ido yana kan titi. Gilashi kuwa sumul yake, ba ya gaya wa yatsa komai, dole sai ido ya raka shi. Ko Apple CarPlay da ya fito a 2014 da Android Auto na 2015, masu su sun rage musu abubuwa da gangan, suka ƙara girman alamomi, suka hana bidiyo muddin mota na tafiya. Su da suka ƙera abin sun san halinsa.

Don haka aka kafa shi ƙasa, kusa da giya, fuskarsa na kallon kujerar mai zaman banza, nesa da inda jakar iska ke fitowa. Ƙara da rage murya suna nan a kan maɓallin rediyo na asali. Allon yana mutuwa bayan daƙiƙa 15. Abin da za a saurara ana jera shi ne kafin a tayar da mota. Mai wayarin ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi aka sa masa allo don kada ya kalla ba.

Rigimar gaske a gida ta tashi. Yara sun ga tsohon abinsu ya dawo da daraja, suka ce a miƙo musu shi baya su kalli katun. Mahaifiyarsu ta goya musu baya, kuma hujjarta ba ta banza ba ce: tafiyar awa uku zuwa Kaduna da yara uku a baya ba wasa ba ce, kuma ita ce mai juyawa tana raba faɗa, ba ni ba. Ta ƙara da cewa wannan sauraron tare da nake ta yabo, a gaskiya zaɓin mahaifina ne nake ɗora wa kowa. Ni kuma na ce ranar da allon ya koma baya, motar ta zama falonmu, kowa ya shige duniyarsa. Ba wanda ya kayar da wani. Abin da aka yi shi ne aka raba hanya: daga gida zuwa Kwanar Ɗangora nawa ne, daga nan zuwa Zariya na yara, sauran na uwargida. Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da aka zaɓa ta lasifika zai fito, kowa ya ji. Ta haka na haddace waƙoƙin fim da ban taɓa nufin sani ba, shi kuma ɗana na tsakiya ya fara bambance kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya tun kafin a buɗe baki.

A cikin tafsirin akwai kaset ɗaya da Baba bai naɗa ta waya ba, ajiye rakoda ya yi a gaban rediyo, don haka ɗakin ma ya shiga. Wajen minti na 40 ana jin tarinsa, sannan ya ce wa wani ya rufe ƙofa. Lokacin juyewa ƙanena ya tambaye ni ko ya yanke wurin, na ce ya bari. In muka fara shi daga gida, a kusa da Kura yake zuwa. Autarmu, wadda aka haifa shekara biyu bayan rasuwarsa, takan ce wa yayyenta su yi shiru, Kaka zai yi tari.