Zamanin da Zarto Ya Ci Ƙotar Lee-Enfield

Daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960, Ba'amurken da ke da kamar dala 20 a aljihu zai iya aika wasiƙa, a kawo masa bindigar da ta ga yaƙin duniya har ƙofar gida. Yaƙi ya ƙare, rumbunan makamai na Turai sun cika maƙil, kuma a 1957 sojojin Birtaniya suka koma ga sabuwar bindiga mai suna L1A1, suka fara neman kai da tsohuwar Lee-Enfield. Dillalai irin su Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms, suka yi ta jidarta a jiragen ruwa zuwa Amurka. Sai a 1968 doka ta hana cinikin bindiga ta gidan waya, shekara 5 bayan an harbe Shugaba Kennedy da wata bindigar Italiya, Carcano, wadda ita ma ta wasiƙa aka saye ta.

Masu sayen nan ba tarihi suke nema ba, naman barewa suke so. Bindigar soja kuwa ba don mafarauci aka ƙera ta ba. Samfurin Lee-Enfield mai suna SMLE Mk III, wanda aka fara raba wa sojoji a 1907, nauyinsa ya kai kusan kilo 4, kuma katako ya lulluɓe bututunsa sama da ƙasa har zuwa baki, inda wani ƙarfe mai nauyi ya rufe hancin, wanda a jikinsa ake maƙala banati. Mutumin da zai wuni yana hawan tsauni ba ya bukatar wannan duka. Sai ya ɗauko zarto ya datse ƙotar gaba daga tsakiya, ya cire murafun katako na sama, ya jefar da ƙarfen hanci da zobban da ke ɗaure su, ya goge sauran da samfefa, ya shafa mata fenti mai ƙyalli. Har littattafai aka buga na koyar da hakan. Kamfanoni ma sun shiga harkar: Parker-Hale a Birmingham da Golden State Arms a Kalifoniya sun mayar da dubban bindigogi na farauta, wasu da aiki mai kyan gaske.

Masu tara tsofaffin bindigogi a yau suna ambaton mutanen wancan zamani da tsaki. Ni ban ga laifinsu ba. An ƙera Lee-Enfield kimanin miliyan 17, kuma abin da ya yi yawa haka ba wanda ke ganinsa da gashi. Sai da 'ya'ya da jikoki suka waiwaya suka ga wadda ba a taɓa ba ta fara wuyar samu, sannan aka shiga neman ɗinke abin da iyaye suka ɓarke.

Mu ma Lee-Enfield ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce bindigar da kakanninmu suka saɓa a rundunar sojojin Afirka ta Yamma, har zuwa Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 suka fafata da Japanawa, aka ƙwace Myohaung a watan Janairun 1945. Danginta ce kuma 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna riƙewa, wadda ake kira mak-fo. Duk tsohon sojan da ya yi faretin wancan lokaci ya san ƙaramin murfin da ke gindinta, inda ake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu.

Wajen mayar da yankakkiyar bindiga yadda take, mai gyaran kirki ba da katako yake farawa ba, da ƙarfe yake farawa. Zai auna bututun: idan na SMLE ne ya kamata ya kai inci 25 da 'yan kai. In an rage shi, magana ta ƙare, domin ƙarfen hanci ba zai sami wurin zama ba. Zai duba ko an huda jikin bindigar don ɗora madubin hange, ko an goge gadar da ake cusa harsasai ta cikinta. Katako ana iya samun wani, amma ƙarfen da aka yanke ya tafi ke nan. In ƙarfe lafiya lau yake, sai a shiga farautar kaya, wadda kan ɗauki watanni: ƙotar gaba, murafu biyu, zobba, ƙarfen hanci, da ƙananan sukurori da sifirin da ba wanda ya damu ya ajiye. Wasu kan samu ragowar kayan soja da ba a taɓa amfani da su ba, wasu kan ciro daga bindigogin atisaye masu tambarin DP waɗanda aka haramta harbi da su, wasu kuma su sayi sabon sassaƙa.

Nan ne ilmi yake shigowa, don ba kowane katako ne ya dace da kowace bindiga ba. Waɗanda aka ƙera a Enfield da Birmingham kafin yaƙi ya tsananta da itacen walnat aka yi su. Da buƙata ta yi yawa aka koma ga itatuwa masu sauƙin samu, masu hasken launi. Masana'antar Lithgow ta Ostareliya ta yi amfani da itatuwan ƙasarta, ciki har da wani mai saurin tsagewa, shi ya sa suka riƙa dasa 'yan farantan ƙarfe a inda yake karɓar bugu. Ta Ishapore a Indiya an san ta da wani sukuru da ake ratsa ƙotar gaba da shi daga gefe zuwa gefe. Wanda ya ɗora ƙotar Ishapore a kan bindigar Ingila ta 1916 ya sa mata rigar aro, kuma masanin abin daga nesa zai gane. Hatta gindin ba tsawo ɗaya ba ne: akwai gajere, da matsakaici, da dogo, da wani ƙarami can na sojoji marasa tsayi, ana buga harafi a samansa don a bambance.

Abin da masu zarto ba su kula da shi ba shi ne, katakon nan ba ado ba ne. Bututun SMLE siriri ne, kuma an tsara shi ne ya yi aiki tare da ƙotar: akwai zobe a ciki da ke riƙe shi, akwai ɗan sifirin kusa da hanci da ke tura shi sama daidai gwargwado. Can baya kuma akwai kafaɗu biyu a cikin katakon, inda ƙarfe ke jingina idan bindiga ta yi tokari. Idan suka yi sako-sako, harsashi zai riƙa warwatsuwa, daga baya ƙotar ta tsage. Saboda haka ba a ɗauko ƙota a ɗaura kawai. Mai gyara zai shafa baƙin hayaƙin fitila a jikin ƙarfen, ya zaunar da shi cikin katako, ya ɗaga, ya duba inda baƙin ya taɓa, ya kankare ɗan kaɗan, ya sake zaunarwa. Haka zai yi ta yi har sai ɓangarorin biyu sun ɗauki nauyi daidai. In katakon ya riga ya cinye, sai a yanke wurin a dasa guntun itace mai tauri. Kuma akwai ƙa'idar da ta jawo wa sababbin shiga asara mai yawa: a wannan samfurin, ƙotar gaba ake fara cirewa kafin a taɓa dogon sukurun da ke riƙe gindi, domin ƙarshensa na gaba mai kusurwa huɗu yana zaune ne a cikin wani ƙarfe na ƙotar gaba. Wanda ya murɗa shi da ƙarfi a haka, ya tsaga katako da hannunsa.

Akwai wata yanka dabam, mai sauƙin magani. Sojojin Amurka da suka dawo da bindigogin Mauser na Jamus ko Arisaka na Japan a matsayin ganima sukan tarar ƙotar ta fi jakar kayansu tsawo, sai su yanke ta a ƙarƙashin zoben ƙarfe, inda ba za a gani ba. Idan guntun yana nan, ana huda ɓangarorin biyu, a zura siraran sanduna da gam mai ƙarfi, a cike kaurin da bakin zarto ya ci, zobe ya rufe tabon. Wasu masu tarawa ma sun fi so a bar yankar a yadda take, tunda ita ce shaidar yadda bindigar ta ƙetare teku.

Shafe-shafen ƙarshe ba shi da wani asiri. Man irin linsid sojoji suke shafawa, da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, a bari ya sha. Samfefa kuwa abokiyar gaba ce, don ita ke share tambarin kibiya na gwamnatin Birtaniya da hatiman masu duba aiki, ta kuma mulmule kusurwoyin da ya kamata su tsaya da kaifinsu.

To bayan duk wannan wahala, me aka samu? Bindiga ce mai kama da yadda ta fito daga masana'anta, amma ba ita ba ce. A SMLE ana buga lamba ɗaya a jikin bindiga, da bututu, da sakata, da ƙarfen hanci, da ƙasan ƙotar gaba. Wadda aka harhaɗa lambobinta ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma sau da yawa kuɗin da aka kashe kan kaya ya fi abin da za a saye ta. Wannan ba aibi ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya. Sojojin ma da kansu sun sha sauya ƙota a gyaran masana'anta, suna buga alamar FTR don kowa ya sani. Aibin yana ga wanda zai sayo hatimi ya buga lambar ƙarya a sabon katako. Wannan ya fi mai zarto ɓarna, don shi mai zarto bai yaudari kowa ba.

Ba kuma kowace yankakkiya ce ta cancanci a mayar ba. Wadda Parker-Hale ya gyara da kyau, ko wadda wani manomi ya ciyar da iyalinsa da ita shekara da shekaru, ta riga ta sami nata tarihin, a bar ta da shi. Mu nan kuwa, da doka ba ta bar irin wannan makami a hannun kowa ba, maganar ta fi shafar masu kula da gidajen tarihi da ma'ajiyar barikoki. Idan kun ci karo da tsohuwar Lee-Enfield a sito, ku rubuta lambobinta da tamburanta tukuna, ku goge ƙura, ku shafa mai, kada ku miƙa wa kafinta ya goge ta ya sa mata fenti.