Yadda Diron Ɗin Aro Ya Ɓace Min a Kusada

Kafin ka tayar da diron, daure ka karanta wannan.

Cikin hunturun bara na taso daga Kankia zuwa Kusada ɗaukar bidiyon bikin abokina, da ƙaramin diron da na aro. Saboda zumuɗi, ina kunnawa na cilla shi sama, ban jira GPS ya kama ba. Na bi da shi inda iska ta nufa, yana sheƙa gudu ina jin daɗi. Can sai hoton wayata ya daskare. Na danna maɓallin dawowa gida, shiru. Har magariba ni da yara muna bin gonaki muna ɗaga karan dawa. Wata huɗu na yi ina biyan mai shi.

To kai kar ka maimaita:

1. Jira manhajar ta nuna ta ajiye wurin da ka tashi. In ba ta ajiye ba, jirgin bai san gida ba.

2. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. Bishiyoyi da gidaje na rage sigina. Kar ya wuce inda idonka ke gani.

3. Ka tafi yana fuskantar iska, ka dawo tana tura shi. Dawowa gaba da iska na cinye batir.

4. Rubuta lambar wayarka a jikinsa.

Da na yi na huɗun nan, ƙila da tuni wani manomi ya kira ni.

Allah Ya kiyaye.