Neman Bindiga a Basawa

Ɗan yayata ne ya matsa mini lamba in raka shi. Ya gama karatu a Samaru, aiki bai samu ba, sai farauta ta shiga ransa, wai bindiga mai baki biyu yake so. Aka kwatanta mana wani tsohon maharbi a Basawa. Da hantsi muka hau babur, muka bi ta Palladan, muka karya kan titin Basawa, muka wuce cibiyar koyar da sufuri ta NITT. Basawa garin sojoji ne, ga barikinsu nan, bindiga ba baƙuwar ido ba ce. Amma wadda ke kafaɗar soja ta gwamnati ce, babu ruwanta da abin da ya kawo mu.

Mun tarar da dattijon a zaure yana gyaran rataya, karnuka uku kwance a bakin ƙofa. Da yaron ya faɗi buƙatarsa, tambayar farko da ya yi masa ita ce: "Ɗana, takardar wa za ka riƙe?"

Tambayar tana kan hanya. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin wadda yaron ke mafarki, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ta gargajiya kuwa, mai cin albarushi ta baki, wadda muke kira harba-ka-ruga, Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da takardarta. A wajenmu sai an je Kaduna ke nan. Dokar ta hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ina jin daɗin sharaɗin idon nan. Mutumin da ba ya bambance gada da ɗan akuyar maƙwabci a duhun asuba, me zai yi da kunama?

Na ƙara wa yaron da cewa a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, saboda yadda suka yi yawa a hannun jama'a. Jikinsa ya yi sanyi.

Tsohon bai tausaya masa ba. Ya tashi ya ɗauko takardarsa a cikin leda, da katin ƙungiyarsu ta mafarauta, ya ce ko garin Giwa zai je ba ya barin su a gida. Ya tuna mana Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Daga nan zauren ya yi tsit, sai da wani yaro ya shigo da kunun zaƙi aka ci gaba da magana.

Da la'asar ya ja mu bayan gari. An riga an yi girbi, karan dawa jibge a gonaki, ƙura ta rufe gabas. A nan na gane ko an sami takardar, saura abin harbi. Ya nuna mana sawun zomo, da ramin gafiya, da inda fakara ke kwana. Barewa kuwa ya ce rabonsa da ita tun yana saurayi, noma da ƙunar daji sun kore ta. Yaron ya ambaci dajin Kamuku na Birnin Gwari. Wannan gandun ƙasa ne tun 1999, farauta a cikinsa laifi ce, ban da maganar 'yan bindigar da suka addabi yankin.

Kare ɗaya ya tayar da zomo daga gindin sabara. Tsohon ya wurga gora, ta wuce ta bayansa, zomo ya sha. Ya yi dariya ya ce hannu ya tsufa.

A hanyar dawowa ya yanke wa yaron sharaɗi: ranar Asabar ya zo bayan sallar asuba, da takalmin roba da goran ruwa, zai riƙe igiyar karnuka har rani ya fita. Maganar zuwa Kaduna kuma sai ya ga yadda yake tafiya a daji tukuna.