Na'urar Da Ta San Lokacin Yin Shiru



A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, har da Birnin Gwari. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da su. Mu a Gayam, wata biyun nan sun nuna mana tsadar magana. Mai aika saƙo Kaduna sai ya jira direba, kuma direba ba zai riƙe dogon zance ba. An haihu, an yi rasuwa, an sako wane. "Ya gida, ya aiki" kuwa babu wurinsu.

Injiniyoyi ma suna fama da irin wannan, kamar yadda aka koya mana a kwalejin fasaha. Ku ɗauki rijiyar burtsatse mai sola. Na'ura ɗaya tana kan tanki tana auna ruwa, ɗaya tana wajen famfo tana kunna shi ko kashe shi. Babu wayar da ta haɗa su, ta iska suke magana kamar rediyo. Idan ta kan tanki za ta ba da rahoto kowace daƙiƙa, saƙo 86,400 ke nan a rana, kusan duka abu ɗaya suke faɗa: ruwa yana nan yadda yake. Batir ya ƙare a banza, kuma idan na'urori sun yi yawa a zango ɗaya, saƙonninsu su riƙa karo, mai muhimmancin ya ɓace.

Mafita ita ce a sa mata iyaka. Ta ci gaba da auna ruwa, amma kada ta ce uffan sai ya hau ko ya sauka da, misali, santimita 10. A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Lund a Suwidin, Åström da Bernhardsson, sun nuna da lissafi cewa a tsari mai sauƙi wannan hanya tana yin aikin da saƙo kaɗan.

Sai dai shiru yana da fuska biyu. Famfo bai ji komai ba tun safe: ruwan ne bai motsa ba, ko na'urar ce ta mutu? Shi ya sa ake sa ta aika ɗan gajeren saƙo jefi-jefi, na cewa tana nan da rai. Tamkar filashin da matafiyi ke yi wa gida in ya sauka lafiya. A wancan lokacin ko filashin babu. Uwar da ɗanta ya bi hanyar Kaduna ba ta da yadda za ta bambance shirun lafiya da na daji.

Wannan nake so mu duba a rubutunmu. Shafi uku na gaisuwa, wanka da kwalliya, alhali babu abin da ya sauya a labarin, saƙon tanki ne na kowace daƙiƙa. A cire shi. Amma in muka bar wani daga mutanen labari babi goma babu ko jimla ɗaya a kansa, mai karatu ba zai san mun ɓoye shi ne ko mun manta da shi ba.

A makon nan kowa ya ɗauko babi ɗaya nasa, ya ja layi ƙarƙashin duk jimlar da wani abu ya sauya a cikinta, ya faɗa mana nawa ya samu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.